Gyaran kundin majalisar ɗalibai ya maƙale a ofishin hukuma: mu fita zanga-zanga ko mu ƙara jira?

Abdul-Basit, Aboabo

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta sha mana kai a makarantarmu, wadda take ta gwamnati ce a nan Kumasi, kuma na ga ya fi dacewa in sakaya sunanta tunda maganar ba ta ƙare ba. Ina cikin kwamitin da majalisar wakilan ɗalibai, wato SRC, ta naɗa domin ya sake duba kundin tsarin mulkinta. Mun zagaya ajujuwa da ɗakunan kwana mun ji ra'ayoyin ɗalibai, mun rubuta daftari, majalisar ta yi muhawara a kansa ta amince da shi, sa'an nan muka miƙa shi ga ofishin kula da harkokin ɗalibai kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Zangon karatu ya wuce, wani ya kama, amsar da muke samu har yau ita ce ana dubawa.

Babban abin da muke so a canza shi ne sha'anin kuɗi. Kowane ɗalibi yana biyan kuɗin SRC a haɗe da kuɗin makaranta, ko yana so ko ba ya so, kuma kuɗin suna faɗawa asusun makaranta ne kafin a sakar wa majalisar wani abu daga ciki. Babu cek ɗin da zai fita sai shugaban ofishin harkokin ɗalibai ya sa hannu, kuma wannan hannun ne muka nemi a cire a daftarinmu. An ce an yi haka ne domin kare dukiyar ɗalibai, kuma ban musa ba, amma na ga takardar neman kuɗin tankin ruwa na ɗakin kwanan mata a ajiye a kan teburin sakatariya, an ɗora mata wasu fayiloli har gefenta ya nannaɗe, a daidai makonnin da shugabanninmu suke jayayya da hukuma a kan ƙarin kuɗin ɗaki. Sai da suka janye sanarwar da suka fitar tukuna takardar ta samu sa hannu. A duk tsawon lokacin 'yan'uwanmu mata suna hawa bene da bokiti a ka tun kafin sallar asuba.

Bayan kuɗi akwai tantance 'yan takara. Wannan ofishin ne yake naɗa mafi yawan 'yan kwamitin tantancewa, kuma suna iya cire mutum daga takara ba tare da sun rubuta dalili ba, babu kuma inda zai kai kuka. A daftarinmu mun ce ɗalibai su zama masu rinjaye a kwamitin, a rubuta dalilin cire kowa, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Mun kuma taɓa sashen da ya ba hukuma ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ta naɗa na riƙon ƙwarya, muka ce kada wa'adin riƙon ya zarce zangon karatu guda.

Yanzu kanmu ya rabu. Wasu suna cewa mu ɗaura jan ƙyalle mu fito, domin hukuma ba ta jin kira sai da amo. Wasu suna cewa mu ƙara rubuta wasiƙa mu jira. Zuciyata ta fi karkata ga fitowa, sai dai ina shekarar ƙarshe, kuma da kuɗin koko da ƙosai mahaifiyata ta kawo ni inda nake, saboda haka ba na so in jefa kaina ko 'ya'yan wasu cikin abin da ban auna ƙarshensa ba. Waɗanda suka ga irin wannan a baya, me yake kawo gyara na gaske, kuma me yake jawo asara?

Alhaji Tanko, Sabon Zongo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka ɗaura ƙyallen. Ina ɗalibi lokacin da gwamnatin mulkin soja ta PNDC ta rufe jami'o'in ƙasar nan a 1983, bayan ɗalibai sun tayar wa kasafin kuɗin shekarar, muka zauna a gida kusan shekara guda. Waɗannan ɗaliban ne kuma a farkon 1982 suka bar aji suka shiga ƙauyuka suna ɗaukar buhunan kokon da ya maƙale domin a kai shi tashar jiragen ruwa, ana yabon su a rediyo. Na faɗa maka wannan ne domin ka san cewa mai iko yana ƙaunar ƙungiyar ɗalibai muddin tana yi masa aiki, kuma ba ya jinkirin rufe mata ƙofa ranar da ta juya masa baya.

Ba zan ce maka zanga-zanga ba ta da amfani ba, domin tarihin Gana zai ƙaryata ni. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUGS, tana sahun gaba wajen bijire wa shirin gwamnatin haɗaka marar jam'iyyu na shugaban mulkin soja Janar Acheampong a 1977 da 1978, tare da lauyoyi da likitoci da sauran ƙwararru, kuma a Yulin 1978 abokan aikinsa sojoji suka sauke shi. A 1999 ɗalibai sun fito a kan ƙarin kuɗin amfani da kayan karatu, a gwagwarmayar da aka kira Mmobrowa, kuma a 2000 aka kafa asusun tallafa wa ilimi na GETFund, wanda aka ware masa kaso daga harajin VAT, shawarar da ɗalibai suna cikin waɗanda suka daɗe suna kawo ta. Amma ka lura da abin da ya haɗa waɗannan biyun. A kowane ɗayansu ɗalibai ba su kaɗai ba ne, akwai manya a bayansu, kuma a na biyun suna riƙe da wata mafita a rubuce wadda gwamnati take iya karɓa ba tare da ta ji kunya ba.

Yanzu ka dubi abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A 2018 hukumar jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ta mayar da Katanga da Conti, waɗanda aka sani ɗakunan kwanan maza ne zalla, suka zama na maza da mata, haka ma Africa Hall da yake na mata. Rai ya riga ya ɓaci a kan haka, sai kuma a daren Juma'a 19 ga Oktoba aka kama wasu ɗalibai a wajen taron kaɗe-kaɗen da suka saba yi, aka kuma zargi masu gadin jami'ar da dukan ɗalibai. SRC ta kira zanga-zangar lumana ranar Litinin 22 ga wata. Kukan da ɗaliban suka fito da shi na gaskiya ne, amma kafin azahar an farfasa motoci da gilasan ofisoshi, an cinna wuta, aka turo 'yan sanda da sojoji, aka rufe jami'ar aka ce kowa ya tattara kayansa. Daga nan maganar ta kuɓuce daga hannun ɗalibai gaba ɗaya. Gwamnati ta rushe majalisar gudanarwa ta jami'ar ta kafa ta wucin gadi a ƙarƙashin Nana Effah Apenteng, sarkin Bompata, ƙungiyar malamai ta UTAG ta shiga yajin aiki tana cewa an taka 'yancin jami'a, har sai da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, wanda shi ne uban jami'ar, ya shiga tsakani aka sake kafa majalisar a Nuwamba. Duk ƙasa ta koma muhawara a kan ikon gwamnati da na malamai, kuma ɗakunan da aka faro rigimar a kansu suna nan a gauraye.

Na 2022 ya fi wannan ciwo ga mai irin aikinka. A watan Agusta Katanga da Conti suka gwabza a lokacin bikin makon ɗaki, aka lalata dukiya, kuma cikin kwanaki majalisar gudanarwa ta soke tsarin JCR, wato shugabancin da ɗalibai suke zaɓa wa kansu a ɗakunan kwana, ta kuma dakatar da bikin makon ɗaki da na SRC har sai abin da hali ya yi. Abin da aka gina shekaru da dama ya tafi a zama guda. A Jami'ar Gana da ke Legon ma a wannan watan ɗakunan kwana na Commonwealth da Mensah Sarbah suka yi nasu, har aka ɗauke mutum-mutumin John Mensah Sarbah, kuma abin da ya biyo baya shi ne sabon tsarin kwana da ya fitar da tsofaffin ɗalibai maza daga ɗakunan biyu.

Saboda haka, ɗana, idan ba ku da tabbacin cewa za ku iya riƙe jama'arku daga farkon tattaki zuwa ƙarshensa, kada ku fito. Gilashi guda da zai fashe ya ishi hukuma hujjar ajiye daftarinku har abada, kuma jama'ar gari za su goya mata baya.

Hajiya Rukayya, Madina, Ankara

Ƙanena Abdul-Basit, Baba Alhaji ya yi magana a kan titi, ni kuma zan yi a kan littafin kuɗi, domin aikina ke nan na binciken asusu. Na karanta bayaninka a tsanake, kuma na ga ka faɗi abin da kuke so hukuma ta saki, amma ban ga abin da kuka ɗora wa kanku ba. Idan daftarin da kuka miƙa haka yake, to ina jin na san dalilin da ya sa yake kwance.

An taɓa kawo mini takardun wata ƙungiyar ɗalibai in duba, bayan tsofaffin shugabanni sun miƙa mulki. Abin da na tarar shi ne jakar leda cike da rasidai, wasu an rubuta su da biro iri ɗaya da hannu iri ɗaya alhali daga shaguna daban-daban aka ce an karɓo su, kuɗin riguna da littattafan rubutu da aka ce an raba wa sababbin ɗalibai ya ninka abin da ake sayar da su a kasuwar Makola, babu takardar da ta nuna an nemi farashi daga wani ɗan kasuwa ban da wanda aka ba aikin, kuma babu rijistar da ɗalibi ko ɗaya ya sa hannu cewa ya karɓa. Ba na cewa majalisarku haka take. Ina cewa duk wani jami'in makaranta da ya daɗe a kujerarsa ya taɓa ganin irin wannan jakar, kuma ita yake tunawa duk lokacin da ɗalibai suka ce a cire hannunsa daga cek.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a zauren majalisa ba. Takarar shugabancin SRC ta zama mai tsada ƙwarai, da manyan alluna da fastoci a kowane turken wuta da riguna da abinci da motocin kwasar masu zaɓe. Ɗan shekara ashirin da biyu ba shi da wannan kuɗin. Wani ne yake ba shi, ko ɗan kwangila da yake jiran a saka masa, ko 'yan siyasa ta hanyar rassan jam'iyyu na makarantu, TEIN ta NDC da TESCON ta NPP. Shugaban da ya hau da bashin wani a wuyansa ba zai iya tsayawa a gaban hukuma da ƙarfin zuciya ba, domin ana iya tona masa asiri a kowane lokaci, kuma wannan tsoron ne yake sa shi janye sanarwa tun kafin a riƙe masa cek. Ɗan Zongo mai basira wanda ba shi da uban gida kuwa tun a wajen kuɗin fom ake barin sa a baya.

Shawarata ita ce ku janye neman cire hannun hukuma daga cek ɗin kwata-kwata, ku nemi a ɗaure hannun da lokaci da dalili. Ku rubuta cewa da zarar majalisa ta amince da kasafin shekara, duk takardar biya da ta dace da kasafin dole ne a sa mata hannu ko a mayar da ita da dalili a rubuce cikin kwanakin aiki da za ku ƙayyade, misali goma, in kuwa wa'adin ya wuce shiru, takardar ta zarce zuwa wani ƙaramin kwamiti da ya haɗa da jami'in kuɗi na makaranta da malami guda da ɗalibai biyu. Ku nemi a riƙa ba ku takardar da ta nuna adadin ɗaliban da suka biya da jimillar abin da aka tara a kowane zango, domin majalisu da yawa ba su ma san nawa ne kuɗinsu ba, abin da aka sakar musu kawai suka sani. A madadin haka ku ɗora wa kanku buga rahoton kuɗi kowane wata uku a allon sanarwa da shafukan ɗalibai, da neman farashi daga 'yan kasuwa uku kafin kowace babbar sayayya, da hana shugaba mai barin gado ƙulla kwangilar da za ta zarce wa'adinsa, da ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe tare da bayyana wanda ya ba shi. Kada ma ku jira a amince da daftarin, ku buga rahoton wannan zangon yanzu. Jami'in da aka ajiye wa irin wannan a gabansa zai sha wuyar bayyana wa na sama da shi dalilin da ya sa ya ƙi.

Malam Shamsuddin, Asawase

Ni malami ne a wata babbar makaranta, kuma na zauna a kwamitocin da irin wannan daftarin yake bi ta cikinsu, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya gefen teburin. Majalisar ɗalibai ba ƙungiya ce mai zaman kanta ba kamar ƙungiyar 'yan kasuwa, dokokin makaranta ne suka haife ta, kuma kundinta yana ƙarƙashinsu. Idan shugabannin ɗalibai suka ƙulla yarjejeniya da mai bas ko mai buga littattafai suka kammala karatu suka tafi bautar ƙasa, makaranta mai bashin yake zuwa, ita yake barazanar kai wa kotu. Idan aka ji wa yaro rauni a wajen taro, shugaban makaranta iyaye suke nema. Shugabannin ɗalibai shekara guda suke yi, jami'in kuwa yana nan ya gaji duk abin da suka bari. Wanda yake ɗauke da alhaki ba zai yarda a raba shi da iko cikin sauƙi ba, kuma ba kullum mugunta ce take sa shi ba.

Duk da haka ba zan kare cire ɗan takara ba tare da dalili a rubuce ba, kuma ba zan kare riƙon ƙwarya marar wa'adi ba. Mu malamai mun san ɗacin wannan. Abin da ya fitar da UTAG yajin aiki a 2018 shi ne an rushe majalisar gudanarwa an naɗa ta wucin gadi daga sama, kuma abin da ya sa malamai suka yi tsayin daka a kan ƙudirin dokar jami'o'in gwamnati a 2020, har aka jingine shi, shi ne zai ba gwamnati rinjaye a majalisun jami'o'i. Bai kamata mu ƙi wa kanmu abu sa'an nan mu yi wa ɗalibanmu irinsa ba. Ka faɗa wa malamanku wannan da ladabi, za ka samu masu saurare a cikinsu fiye da yadda kake zato.

Abin da nake ganin ya tsayar da ku, Abdul-Basit, shi ne kun miƙa daftarin ga ofishin da daftarin zai rage wa iko, kuka zauna kuna jiran ya kai kansa mahauta. Ku bincika dokokin makarantarku ku ga wane ne yake da ikon amincewa na ƙarshe, domin galibi ba wannan ofishin ba ne, aikinsa kawai ya duba ya wuce da shi gaba. A jami'o'in gwamnati ɗalibai suna da kujera a majalisar gudanarwa; dokar Jami'ar Gana ta 2010, alal misali, ta ba ɗalibai wakilci a cikinta, na masu digirin farko da na masu karatun gaba da digiri. Idan taku tana da irin wannan kujerar, wakilinku ya rubuta wa magatakarda, wanda shi ne sakataren majalisar, ya nemi a saka maganar a ajandar zama mai zuwa, kuma ya aika da wuri domin ana rufe ajanda tun kafin ranar zama. Abin da ya shiga ajanda yana shiga rubutaccen bayanin taro, kuma abin da ya shiga nan ba ya ɓacewa da tafiyar shugaban bana.

Mubarak, Ayigya Zongo

Ina girmama Baba Alhaji da Malam, amma ina roƙon a bar ni in saɓa musu. Duk shawarwarin nan suna bukatar lokaci, kuma lokaci shi ne makamin da hukuma ta fi kowa iya riƙewa. Ta san Abdul-Basit zai kammala a bana, ta san kwamitin zai watse, ta san sababbin shugabanni za su zo da nasu alkawuran su manta da daftarin. Jira ba tsaka-tsaki ba ne a wannan rigimar, jira nasara ce ga ɓangare guda.

Kuma ina ganin ba adalci ba ne a riƙa ba da labarin 2018 kamar fashe-fashen ne farkonsa. Kafin ranar Litinin ɗin nan an yi koke-koke, tsofaffin ɗalibai sun kai takardu, an je kotu a kan maganar ɗakunan, kuma ƙasa ba ta waiwayo ba sai da hayaƙi ya tashi. Ba na goyon bayan ƙona motar kowa, malamin da aka lalata wa mota bai ci bashin kowa ba. Amma soke JCR a 2022 hukunci ne da ya hau kan dubban ɗaliban da ba su jefa dutse ba, har da na ɗakunan da ba su shiga faɗan ba, kuma idan darasin da za mu ɗauka shi ne mu yi shiru don kada a ƙwace abin da ya rage, to an riga an ƙwace shi. Mu ɗaliban Musulmi mun fi kowa bukatar majalisa mai haƙori, domin idan jarrabawa ta faɗo a kan lokacin sallar Juma'a, ko ana neman wurin salla kusa da ajujuwa, ƙungiyarmu ta GMSA roƙo kawai take iya yi, SRC ce take da kujera a inda ake yanke hukunci.

Ni dai ina ganin a bi duk hanyoyin da aka lissafa, amma a sa musu rana, kuma hukuma ta san cewa bayan ranar akwai fitowa.

Lauya Mariama, Nima

Ƙanena Mubarak bai yi kuskure ba a kan sa rana, kuma doka ba ta hana ku fitowa ba. Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin ƙasa na 1992 ya ba kowa 'yancin taro da tattaki da shiga ƙungiya. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin taron da za a yi a bainar jama'a. Sanarwa ce, ba neman izini ba ne, ko da yake suna iya neman a canza rana ko hanya, su kuma je kotu idan kun ƙi. Amma ku sani cewa a cikin harabar makaranta akwai ƙa'idojin littafin ɗalibi da kuka amince da su ranar rantsuwar shiga, kuma da su ake korar mutum, ba da dokar ƙasa ba. Ku karanta su layi-layi kafin ku buga kowace sanarwa.

Abin da ɗalibai ba su cika amfani da shi ba shi ne sashe na 23, wanda ya wajabta wa hukumomin gudanarwa da jami'ansu yin aiki bisa adalci da hankali da bin doka, ya kuma ba wanda aka zalunta damar neman hakkinsa a kotu, da sashe na 296, wanda ya ce duk wanda aka ba ikon yanke hukunci bisa ganin damarsa ba zai yi shi da son zuciya ko gaba ba. Cire ɗan takara babu dalili a makarantar gwamnati yana cikin abin da waɗannan sassan suke magana a kai. Kuna iya kai koke ga hukumar kare hakkin ɗan Adam da adalci a harkokin gudanarwa, CHRAJ, wadda take da ofishi a Kumasi kuma ba a biyan kuɗi, kuna kuma iya amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ku nemi adadin kuɗin da aka tara da sunanku. Kotu kuwa ku bar ta a ƙarshe. Ɗaliban Commonwealth sun samu umarnin babbar kotu na dakatar da sabon tsarin kwana a farkon 2023, amma shari'a tana tafiya ne da nata agogon, zangon karatu kuma ba ya tsayawa jiran ta.

Daga yau duk takardar da za ku kai, ku tafi da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku.

Abdul-Basit, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai wa kwamiti abin da kuka faɗa, an yi doguwar muhawara, kuma an tsaya a kan cewa za mu sake rubuta sashen kuɗi yadda Hajiya ta nuna, wakilinmu zai rubuta wa magatakarda a wannan makon, za mu kuma sanar da ɗalibai ranar da muke sa ran amsa. Maganar fitowa ba a janye ta ba, an ɗage ta zuwa bayan zaman majalisar gudanarwa, kuma masu ra'ayin Yaya Mubarak sun amince da haka bisa sharaɗin a fara horas da waɗanda za su tsare layi tun yanzu. Inda muka cije shi ne rahoton kuɗi. Ma'ajinmu ya yarda a buga na wannan zangon, amma ya ce akwai kashe-kashen da ya gada daga shugabannin bara waɗanda ba su da rasidi, yana kuma tsoron idan aka buga su hukuma za ta kama wannan ta ce ga dalilin da ya sa ba za ta saki hannu ba. Hajiya, yaya ake yi da irin wannan?

Hajiya Rukayya, Madina, Ankara

Ku buga su, ƙanena, amma a shafi dabam. Rahoton ya fara daga ranar da aka miƙa wa shugabannin bana mulki, da abin da suka tarar a asusu bisa takardar banki, ba bisa abin da aka faɗa musu da baki ba. Duk abin da aka gada babu rasidi a jera shi da kwanan wata da adadinsa a ƙarƙashin taken kuɗin da ake neman bayaninsu, ba tare da an kira kowa ɓarawo ba, a kuma rubuta wa tsofaffin shugabannin wasiƙa a ba su wa'adi su kawo takardu ko su yi bayani a gaban kwamitin binciken kuɗi na majalisa. Ofishin kuɗi na makaranta ya riga ya san da waɗannan kuɗin, tunda ta hannunsa suka fita kuma da sa hannun jami'insa a kan kowane cek, saboda haka ku aika wa mai binciken kuɗi na cikin gida kwafi kafin ku liƙa a allo, ku nemi ya tabbatar muku da jimillar a rubuce. Ka ce wa ma'ajin ya haɗa takardun banki na watanni goma sha biyu da suka wuce da ragowar littafin cek, ya ɗauki hoton kowane shafi ya ajiye a wuri biyu kafin ya miƙa wa kowa na asali.